Ƙwai Tara Daga Kademi

Kakata Iya Kellu ta Gafasa ba ta san shekarunta ba, amma ta san uwar kowace kaza da ke tsakar gidanmu, da uwar uwarta, har can baya inda mai sauraro zai fara hamma. Ni Bunu, jikanta na wajen ɗanta Mala, na sha gwada ta. Sai in nuna wata sagara tana tono a bayan rumbu in ce, "Amarya, waccan fa 'yar gidan wa ce?" Ba ta ko ɗaga kai daga kaɗin audugarta.

"'Yar Gajera ce. Gajera 'yar Mai Zobe, Mai Zobe 'yar wadda muzuru ya ɗauke shekarar fara. Kai kuma, maigida, ɗan gidan wa ne, rana ta take kana zaune?"

Haka muke da ita, wasan jika da kaka, ni in ce amarya, ita ta ce maigida.

Tana da kamar shekara takwas yaƙi ya taso su daga gabas. Abin da ta riƙe na tafiyar kaɗan ne: ƙaya a ƙafa, da kwandon da uwarta Aisa ta ɗauko a ka, da kaji biyu da zakara a ciki. Mutane na ta cewa a yanka su a ci a rage kaya, matar nan ta ƙi. Suka sauka Gafasa, ba a yi kaka biyu ba Aisa ta rasu. Tabarmarta ta mutu, duwatsun wuyanta an sayar da su wata shekarar yunwa, Barbarcin ma ya zube wa Iya a hankali, ba abin da ya rage mata sai gaisuwa da zagi. Kajin nan ne kawai suka yi ta haihuwar kansu, wake-wake, gajerun ƙafa, shekara sittin suna yawo a gida ɗaya.

A wajenmu ba a damu da ƙwan kaza ba. Na zabo ake ci. Kaza ta yi goma ko sha biyu ta kwanta, abin da shirwa ta bari shi ne rabon mai gida. Na Iya kuwa sai sun haura ashirin kafin su yi kwanci, in kuma suka kwanta ko kare ya shigo ba sa tashi. Maƙwabta na cewa asiri ne. Ni da nake kwana a gidan na san aiki ne. Kowane ƙwai sai ta shafa masa baƙin tukunya da alamar uwarsa, wannan ɗigo ɗaya, wancan zane biyu. Kazar da ta yi lalaci, tukunya. Amma babban abin shi ne zakara. Mutane kan bar ƙaton, mai jan ƙoro da dogon wutsiya. Iya irin wannan take yanka wa baƙo. Wanda take bari ɗan kazar da ta fi kowacce ƙwai ne, ko da munin sa ya kai na tsumma, ta ɗaura masa jan zare a ƙafa don kada a yi kuskure.

Na ce mata, "Amarya, zakara ƙwai yake yi da za ki tsaya duba uwarsa?"

Ta ce, "Ubanka ya taɓa shayar da yaro? To je ka dubi yayarka Karimatu, goyonta kamar 'yan maruƙa. Ina ta samo? Wajena. Ta jikin ubanka abin ya bi ya same ta, shi bai ma sani ba."

Na yi elementare a Gaya har aji uku, ba a taɓa gaya mana wannan ba. Wataƙila a aji huɗu ake faɗa. Ni dai ban kai ba, don an kama ni ina kwaikwayon tafiyar malamin lissafi, shi kuwa yana bayana. Daga nan na taɓa ɗinki a Kano, na taɓa karen mota, na dawo gida da hula mai kyau da aljihu wayam.

Bayan kakar 1953 wani malamin gona, Malam Barau, ya zo da mota cike da kwanduna. A ciki jajayen zakaru ne na Turawa, kowanne kamar ɗan akuya. Sharaɗinsa ɗaya: gida ya ba da duk zakarun da yake da su, a ba shi ja guda, 'ya'yan da za a haifa su riƙa ƙwai kusan kullum. Na manne masa. Ni ne riƙe takarda, ni ne kiran sunaye, ina hango kaina cikin kaki. A ƙofar mai gari ina ta zuba wa mutane bayani, sai wani tsoho ya ce, "Kai mai wa'azi, gidanku an ba da?" Aka kwashe da dariya. Malam Barau ya dube ni ta saman tabarau.

Iya tana Ajingi a lokacin, wajen jegon Karimatu. Na shiga gida na kama Kacalla, zakaranta, wani ƙanƙani mai karkataccen ƙoro. Na kama 'yan samari biyu masu jan zare da take reno don su gaje shi. Na kai su ina murmushi, aka tafa mini. Da la'asar na ji ƙanshinsu daga masaukin baƙi.

Da ta dawo ta tsaya a tsakar gida da ƙullin kayanta a ka, tana kallon jan ƙaton nan yana taƙama. Na fara jawabin da na shirya. Ta bari na gama.

"Da ƙananan ma?"

Na ce da su.

Ta sauke kayan, ta zauna a kan turmi. Ba ta zage ni ba, ga ta kuwa da zagi har harshe biyu. Cewa ta yi, "Bunu, ɗebo mini ruwa." Tun ina yaro ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na ɗebo ruwan na kai mata.

Amma Iya ba ta da zalunci. Ta ciyar da jan zakaran kamar kowa, ta sa masa suna Kaftin, har takan ce masa, "Ba laifinka ba ne, baƙo." Ni na san ma tana son ta ga abin da zai haifa, don mai kiwo ce. 'Ya'yansa suka taso manya, ja da ɗigon fari. Da damina ta yi nisa suka fara ƙwai, manya, masu launin ƙasa, yau da gobe da jibi. Na dawo da taƙamata. Har kukun bariki ya riƙa aiko da mutum daga Gaya. Ina wucewa in ce, "Amarya, boko ya yi rana ko bai yi ba?"

Ta ce, "Ƙwai kam sun iya. Ina jiran in ga wadda za ta zauna."

Ba wadda ta zauna. Su yi ƙwai, su yi kyarkyara gari ya ji, su karkaɗe jiki su tafi yawo. Guda ɗaya ta gwada, kwana uku ta gaji ta tashi. Tsofaffin wake-wake su ne suka ci gaba da ƙyanƙyashe wa kowa. Malam Barau kuwa tuni an yi masa canji, kakina ya tafi da shi.

Sai ciwon kaji ya shigo gari da rani. Kaftin ne ya fara tafiya, ya sunkuyar da kai kwana biyu ya faɗi. Kullum da safe Iya ta buɗe akurki ta fito da gawa. Ta jiƙa saɓara, ta jiƙa barkono, ta raba masu lafiya da marasa lafiya, duk da haka ba su daina mutuwa ba. Da abin ya lafa, jajaye bakwai suka rage, da wake-wake ɗaya tak: Gajera, shekararta shida, ta kusa daina ƙwai. Ba zakaran irinta a Gafasa, ba a Ajingi, don mota ta bi ko'ina. In Gajera ta mutu, kwandon Aisa ya ƙare. Da ban kai su Kacalla ba, da wataƙila ɗayansu ya tsira. Ba wanda ya faɗa mini haka, ni na riƙa faɗa wa kaina.

Ruwan farko ya sauka, Gajera ta shige ƙarƙashin gadon Iya ta kwanta a kan ƙwan wata ja, ta kumbura, tana gurnani in an matso. Iya ta tsuguna ta daɗe tana kallonta, sannan ta tashi ta fara neman takalminta.

"Ina zuwa?"

"Kademi. Wajen Barira."

Barira 'yar maƙwabta ce da ta tashi a hannun Iya, ta auri wani Bafillace, Bappa Hamma, suna zaune a bayan Kademi, nesa da gari, inda mota ba ta shiga. Da za a kai ta Iya ta ba ta kaza da zakara, kuma duk bayan shekara biyu takan aika mata da sabon zakara mai jan zare. In akwai sauran irin a duniya, can yake.

Na ce, "Da waɗannan gwiwoyin? Sai Gajera ta yi jika kafin ki kai Gaya. Ni zan je."

Ta auna ni da ido. "Da ƙafa ake ɗauko ƙwan kwanci. A ka, a hankali. Ka ji?"

Na ce na ji. Na fita na ari keken abokina Tijjani. A lissafina, tafiyar kwana biyu ta koma ta yini, ƙwai ya iso da ɗuminsa, wa ya yi asara? Barira ta ba ni sha biyu cikin ƙwarya, ta cusa ƙaiƙayi tsakaninsu. Na ɗauke a ka har na ɓace mata, na je inda na ɓoye keken na ɗaure ƙwaryar a baya. Hanyar Gaya gargada ce zalla, haƙorana na kaɗawa, amma da na buɗe a bakin Gafasa ko ɗaya bai tsage ba. Na mayar da keke, na ɗora ƙwarya a ka, na shigo gida ina ɗingishi kamar wanda ya sha tafiya.

Iya ta ce, "Ka yi sauri."

Na ce, "Ƙuruciya ce."

Rana ta takwas da hantsi ta rufe ɗakinta, ta bar 'yar kafar da rana ke shigowa ta jikin ƙyaure. Ta riƙa zaro ƙwan ɗaya-ɗaya daga ƙarƙashin Gajera tana kara shi a hasken. Ta ce ƙwai mai rai jijiyoyi ake gani a ciki, ja, kamar saiwar gero. Na farko fayau. Na biyu fayau, wani abu na yawo a ciki kamar ruwan kwata. Har sha biyu. Ta jera su a ƙasa.

"Keke ka hau?"



"Ba su fashe ba, Iya. Na duba."

"Ɓawon ka duba." Ta ɗauki ɗaya ta girgiza a kunnena, na ji yana ƙulu-ƙulu. "Abin da ke ciki a rataye yake, da zare wanda ya fi gashi siriri. Ka tsinke su tun kafin ka kai Gaya." Ta juya wajen kazar, ta shafa bayanta da yatsa biyu. "Yi haƙuri, 'yar nan. Kwana takwas kina ɗumama ruwa."

Ta mayar mata da ƙwan jajaye uku don kada ta tashi. Ni kuwa ban jira an aike ni ba. Na ɗauki sanda da gora na fita.

A Kademi Bappa Hamma ya tarbe ni da dariya, don Barira ta ga sawun keke tun wancan zuwan. Tsakanin Fulani da Barebari ba a raga wa juna.

"A'a, bawana ya dawo! Ina dokin ƙarfen? Barira, ba shi fura, Babarbare ba ya tunani sai da cikinsa."

Na ce, "Bappa, ku da kuke bin saniya a baya tana nuna muku hanya?"

"Ita dai ba ta taɓa kai mu inda za mu koma sau biyu ba."

Kajin Barira sun riga sun ba da na hannunsu, sai da na kwana biyu kafin a tara tara. Ta jera su tsinin a ƙasa, ta cika da ƙaiƙayi, ta rufe da faifai da ɗanyen ganye saboda rana. Ta naɗa mini gammo da hannunta. Bappa Hamma ya sa na yi ta kai da komo a gaban bukka da ƙwaryar ruwa a ka, yana bina da sanda. "Gwiwa ke tafiya, wuya barci yake. Dubi yadda matanmu ke kai nono. Kai, kana tafiya kamar an kira ka rabon gado!" Sai da na je na dawo ruwa bai zuba ba ya sallame ni.

Ban taɓa sanin tsawon hanyar nan ba sai ranar. Ƙato da ni, ga hular Kano a aljihu, ga ƙwarya a ka, ina taku ɗaya-ɗaya. Mata a bakin rijiya suna kira, "Mai nono, kawo mu gani!" Ba halin in juya in rama. Na haɗu da dattijai ban iya rusunawa ba, sai dai in yi gaisuwa a tsaye in ba da haƙuri. A Gaya na ci karo da Da'u, wanda muka yi aji ɗaya, yanzu yana aikin ofis, cikin kakinsa mai guga.

"Bunu? Me kake talla?"

Na ce, "Kakannina na ɗauko, matsa mini."

Na kwana a zauren wani mai ɗinki da na sani, washegari na ci gaba. Bayan azahar hadari ya taso. Da a da ne, gudu zan yi. Na lallaɓa gindin wata tsamiya, na sauke ƙwaryar kamar mai sauke jariri, na tuɓe rigata na lulluɓe ta, na duƙa a kai ruwa na dukan bayana. A nan na tuna wata mata da ban taɓa gani ba, da kwando a ka da yarinya a hannu, ita ba kwana biyu ta yi ba, kuma ba dariya ake mata a hanya ba.

Na iso Gafasa da la'asar, wuyana ya ƙage. Iya ta sauke mini da kanta. Ta dubi ƙafafuna da suka kumbura, ta ce, "Yau kam ka yi kama da mijin aure." Ta sa aka dafa mini ruwan zafi.

Saura aikin Gajera. Ta riga ta yi kwana goma sha huɗu a kwance, ga ashirin da ɗaya a gabanta, ga tsufa. Ƙoronta ya koɗe, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa. Kowace safiya Iya ta ɗaga ta ta fito da ita, ta ba ta jiƙaƙƙen gero a tafin hannu, da garar da nake haƙo mata a suri, ta murza mata ƙafafu da man kaɗanya, ta mayar. Tana yi tana mata hira, labarin uwarta Mai Zobe, da yadda ta taɓa korar maciji. Rana ta takwas aka kara ƙwan a haske. Bakwai da jijiya. Iya ta miƙo mini ɗaya, na ga wani ɗigo baƙi yana motsi a ciki.

Rana ta goma sha takwas Gajera ta tashi da kanta, ta fita tsakar gida ta tsaya a rana, ido a lumshe, ta ƙi komawa. Iya ba ta kore ta ba. Ta kwashe ƙwan ta zuba a zaninta, ta ɗaure a cikinta, ta zauna kusa da murhu ta rufa da bargo, a cikin zafin nan, gumi na zuba. Na ce in kamo kazar in danna ta. Ta ce, "Ba a tilasta wa uwa. Bar ta ta sha iska." Tun hantsi har aka yi kiran azahar. Sannan Gajera ta taka a hankali ta shiga ɗaki, ta tsaya a bakin gurbin tana dubawa. Iya ta rarrafa ta mayar mata da su.

Shida suka ƙyanƙyashe. Ɗaya bai kwana ba. Biyar suka tashi, ƙanana kamar curin auduga. Gajera tana iya rufe su da fiffike amma ba ta da ƙarfin tono, don haka Iya ce ta riƙa fita da su bayan gida da tsinken kara, tana tona musu juji, tana kiran su da irin muryar uwar, ni kuma ina tsaye da majajjawa ina kallon sama. Gajera ta kai har suka yi gashi. Wata safiya aka same ta a gurbinta ta sandare, 'ya'yan na tsalle a bayanta. A garinmu juji ake jefa mushen kaza. Iya ta sa na haƙa rami a gindin rumbu.

Da suka yi wata biyu ƙoro ya nuna: mata uku, zakaru biyu. Na yi murna na ce magana ta ƙare. Iya ta ce yanzu ta fara. Barira ba ta shafa wa ƙwai alama, don haka ba wanda ya san uwar wannan ko ta wancan, ba a san wanda za a bari ba. Hanya ɗaya ce: a raba tsakar gida biyu, kowane zakara da matansa, har da jajayen a raba musu, a jira 'ya'yansu su girma su yi ƙwai, a ga na wa suka fi, na wa kuma suke zama. Tana ma so ta gani ko jikokin Kaftin za su koyi kwanci in jinin gida ya ƙaru a jikinsu, don ƙwansu ya burge ta ko da ba ta faɗa.

Na ce, "Wannan ai aikin shekara biyu ne, tsohuwa. Kina da su?"

Ta ce, "Ban tambaya ba. Je ka yanko kara."

Na yanko, na kafa danga daga bakin rumbu zuwa madafa. Ni ba gwanin danga ba ne, ta karkace ta wajen yamma, kuma ƙaramin zakaran ya gano wurin. Sau uku ke nan yau yana tsallakawa. Ga ta can tana kirana, wai in zo da igiya.